Takarda Ta Ce E, Bakin Malama Zulai Ya Ce A'a

Jiya da kuka shigo, ɗayanku ya ɗaga waya ya nuna mini tambayoyin da malaminku ya ba ku ku kai asibitocin haƙori masu zaman kansu, ya ce, "Sista Rabi, ai sati biyu ma ya yi yawa. Ka shiga, ka tambaya, ka latsa, ka fito." Na yi shiru ne don akwai mara lafiya a kujera da baki a buɗe. Yau babu kowa, sai ku gyara zama. Aikin da kuke shirin yi na riga ku yin sa, kuma na fara yin sa ne da irin wannan gaggawar taku, na ɓata shi.

Ni ba likita ba ce, kada wani ya rubuta mini Dakta. Aikina wanke haƙora, duba dasashi, ƙananan ciko, da koya wa mutum yadda zai riƙe abin da Allah Ya sa masa a baki. A Koki aka haife ni, a can nake har yau. Da na gama makarantar koyon aikin lafiya, sai aka kai ni wajen Dakta Bukar, wani dattijo ɗan asalin Barno da iyayensa suka daɗe a Dala. Asibitinsa ɗaki biyu ne da rumfa, can wajen Ƙofar Ɗan Agundi. Na je masa da takardar shaidata a cikin leda ina jin kaina. Ya karɓa, ya ajiye ko buɗewa bai yi ba, ya nuna mini wurin wanke kaya.

Wata uku ban taɓa bakin kowa ba. In wanke ƙarafa, in zuba a tukunyar dafa kayan aiki, in jira ta huce, in jera a faranti: ƙaramin madubi, ƙugiyar da ake lalube kogo da ita, hantsakin ɗaukar auduga, da ƙarafan kankare datti. In na jera ba daidai ba, ba ya faɗa. Mayar mini da farantin yake yi, in sake. Filayar cire haƙori kuwa ba ta hawa faranti sam. A aljihun tebur na can ƙasa take zama, yadda sai ya sunkuya kafin ya ɗauko ta, ga shi da ciwon baya. Na taɓa ce masa, "Baba, bari in dawo maka da ita sama." Ya ce, "Bar ta nan, Rabi. Kafin in kai ƙasa na ƙara tunani sau ɗaya."

Bakin farko da ya bari na wanke na wani baduku ne daga Dala, mutum mai cin goro tun yana saurayi. Datti ya daskare a bayan haƙoransa na ƙasa ya zama dutse, ya haɗe su wuri guda kamar an yi musu yaɓe. A lokacin ba mu da injin wanki, da hannu ake kankarewa, ɗan kaɗan ɗan kaɗan, kana tokare yatsa a haƙorin kusa don kada ƙarfe ya zame ya yanki dasashi. Na fi awa guda a kansa, wuyana ya sage. Da na gama ya zagaya da harshe, ya ji ramuka a inda da yake jin sumul, sai ya miƙe tsaye da ƙyallen da muka ɗaura masa a wuya yana cewa yarinya ta farfasa masa haƙora. Dakta Bukar ya ɗauko audugar da na tara abin da na kankaro, ya ɗauki guda ya murje shi a gabansa ya zama gari. Ya ce, "Malam, haƙori yana murjewa haka?" Mutumin ya shinshina, ya kawar da kai, ya koma ya zauna. Har ya rasu, duk bayan babbar salla yana zuwa a wanke masa.

Irinsa ba su da yawa. Mutanenmu ba sa zuwa sai ciwo ya hana su tauna. Kafin su iso sun cusa kanumfari a kogon, sun sa gishiri, sun ɗiga turare, wani har ruwan batir, wani ya biya ta wajen masu cewa suna ciro tsutsa a haƙori. Yana zama a kujera kalma ɗaya ce a bakinsa: a cire. Ka ce masa wannan haƙorin zai gyaru, ya dube ka kamar kana neman cutarsa. Ka ce wa mace ta dawo bayan wata shida a duba, ta ce, "In duba me, alhali ba ya ciwo?" Ina gaya muku wannan ne don ku san cewa duk mai asibitin da ke son ya bi hanya mai sauƙi, marasa lafiya ma za su taya shi.

Bayan Dakta Bukar ya ajiye aiki saboda hannunsa ya fara rawa, ina zuwa wani ƙaramin asibiti kwana uku a sati, sai Dakta Halima ta neme ni. Malama ce a jami'a, ita ma ta taɓa koyon aiki a hannunsa. Tana son ta san ko asibitocin kuɗi na cikin birni suna yin rigakafi, ko kuwa jira kawai suke haƙori ya ruɓe. Ta ba ni takardu masu tambayoyi irin naku. Kuna koya wa mara lafiya goge baki? Kuna duba baki gaba ɗaya ko haƙori mai ciwo kaɗai? Kuna wankin haƙora? Kuna tambayar mutum ko yana da ciwon suga? Kuna cewa a dawo a sake dubawa? Ni ta zaɓa don na san lunguna kuma an san fuskata.

Na hau adaidaita na zaga. Duk inda na shiga a ba ni kujera, a kawo lemo mai sanyi, mai asibiti ya jingina yana amsawa. E. E, sosai. Ai wannan dole ne. Ina rubutawa ina jin daɗi, har ina cewa ashe garin namu ya ci gaba ban sani ba. Cikin ɗan lokaci na kai wa Dakta Halima takardu cike da e, ta yaba mini da saurin aiki.

Takarda ɗaya ce aka manta ba a buga mata hatimi ba, ita ta mayar da ni. Asibitin a saman bene yake, bisa wasu shaguna, da tayil da talabijin da na'urar sanyaya ɗaki. Ba zan faɗi sunansa ba, kada ma ku tambaya. Na tarar mai wurin ya fita, sai na zauna a bencin jira. Kusa da ni wata mata ce ta ja gefen hijabi ta rufe baki. Da ta amsa sallamata na gane muryar. Malama Zulai ce, wadda ta koya wa 'yata karatun Alƙur'ani a Islamiyyar unguwarmu. Matan Koki da yawa a bakinta suka gyara Fatiharsu.

Na ce, "Malama, ke ce a nan? An daɗe ba a jin ki a makaranta."

Ta ce, "Maman Aisha, ai na ɗan dakata. Wani zan cire yau ma."

"Wani? Nawa aka cire?"

Ta sauke hijabin kaɗan. Haƙoran gaba na sama biyu babu, gefe ma akwai giɓi. Matar da ba ta kai hamsin ba.

Ta ce shekara huɗu ke nan tana hawa benen nan. Haƙori ya fara girgiɗi, ta zo, a cire, a ba ta magani, a ce ta kurkure da ruwan gishiri. Bayan wasu watanni wani ya fara. Na tambaye ta ko an taɓa wanke mata. Ta ce wanki kamar yaya? Na ce an taɓa tambayarki ciwon suga? Ta ce tana da shi tun haihuwarta ta ƙarshe, amma me ya haɗa suga da haƙori? Ita dai an ce mata girma ne ya fara kamawa.

Na ce, "To makarantar fa?"

Ta ce, "Akwai haruffan da ba sa fita sai kan harshe ya taɓa haƙoran gaba. In na zo kan harafin zalun yanzu, iska ce ke fita. Na yi ta daurewa ina cewa ba a lura ba. Ran nan na sa wata yarinya ta biya, yarinya mai kaifin kunne, sai na ji ta fitar da harafin daidai yadda nake fitar da shi yanzu. Kuskurena na ji a bakinta, Maman Aisha. Littafin Allah ne. Washegari ban koma ba."

Na ja ta gefen matakala, na kunna tocilar waya na duba. Dutsen datti ya cika gindin haƙora har ƙarƙashin dasashi, dasashin ya kumbura, da an taɓa sai jini. Na ƙasa huɗu suna motsi, amma ba su kai na cirewa ba. Abin da ke damunta ciwon dasashi ne da suga ya rura, abin da ko ɗalibin da ya yi wata shida a aikin nan zai gane. Ƙofar ɗakin aiki a buɗe take, na leƙa. Faranti cike da filaya kala-kala, suna ƙyalli. Injin wanke haƙora yana lungu an lulluɓe shi da zani, an ɗora fulas ɗin shayi da cajar waya a kai, wayar wutar injin ko ledar kanti ba a cire mata ba. A jakata kuma ga takardar asibitin, da rubutun hannuna, ta ce ana wanki, ana tambayar suga, ana koyar da kowa.

Na ce, "Malama, ɗauki jakarki. Yau ba za a cire komai ba."

Muna sauka muka yi kiciɓis da mai asibitin yana hawowa. Ya ce, "Hajiya, ina za ki kai mini mara lafiya?" Na ce Malama ta jira ni a ƙasa, na bi shi ofis, na ajiye masa takardar na ce ya sake karanta amsoshinsa. Ko kunya bai ji ba. Ya ce, "Ke da kin daɗe a aikin nan, kin taɓa ganin wanda ya hawo bene don a yi masa wa'azin buroshi? Mutum ya zo da ciwo, na raba shi da ciwo, ya yi godiya. Wanda na wanke wa baki, sai yaushe zan sake ganinsa?" Na ce, "Shekara huɗu matar nan tana buɗe maka baki. Sau ɗaya ba ka ɗaga ido daga haƙorin da za ka cire ka dubi na kusa da shi ba?" Ya ce in fita masa daga asibiti. Na fita, hatimin ma ban karɓa ba.

Daga nan wajen Dakta Halima na wuce. Na tarar ta riga ta fara rubutu a kan takardun da na kai mata. Na ce duk a sake, ba na tsayawa a kan ko ɗaya. Ta cire tabarau ta ce, "Sista, kin san abin da kike faɗa? Saboda asibiti guda?" Na ce, "Guda na koma, Dakta. Sauran ban koma ba. Lemo na sha a ofis na rubuta abin da aka ce mini." Ranta ya ɓaci, kuma da gaskiyarta. Na nemi izinin Malama Zulai, ta yarda Dakta ta duba bakinta. Da ta duba ba ta ƙara musu ba. Ta koma ta nemo sabon izini, wanda zai ba ni damar zama a ɗakin jira da yin magana da marasa lafiya in sun amince.

Wannan ita ce shekarar da na fi shan wuya a aiki. Mutumin benen ya bi abokan sana'arsa ya ce ni 'yar leƙen asiri ce ta masu ba da lasisi, kuma ina janye wa mutane marasa lafiya. Wuraren da aka ba ni lemo, yanzu sai a ce Dakta ba ya nan alhali ina jin tarinsa a ciki. Wani wuri an bar ni a benci daga hantsi har la'asar. Wani wurin mai shara ta yi ta turo ƙura kan ƙafata har na gane na tashi. Asibitin da nake zuwa kwana uku, mai shi ya kira ni ya ce in ɗan huta a gida har magana ta lafa, kuma ba ta lafa ba a wajensa har yau. Ga damina, lunguna sun cika da ruwa, adaidaita ya sauke ka a bakin titi ka ƙarasa da ƙafa, takardu a ƙunshe cikin leda biyu a ƙarƙashin mayafi. Har a gidan biki wata ta ce mini, "Ke ce mai son rufe wa mutane wurin cin abinci?" Na ce mata wanda aka cire wa haƙoran banza shi ma wurin cin abincinsa aka rufe.

Amma a shekarar na koyi aikin. In kun shiga wuri, ku gaisa, ku nemi izini, sannan ku dubi faranti kafin ku dubi mai amsa. Ku dubi injin wanki, ko an jona shi da wuta, ko akwai ruwa a kwalbarsa. Kusan kowane asibiti yana da babban haƙorin roba da ƙaton buroshi na koyarwa. Ku shafa yatsa a kai. Ku roƙi a nuna muku katin mara lafiya an rufe sunan: in abin da aka rubuta lambar haƙori ɗaya ce da kalmar cirewa, kun ga amsarku. In za ku tambayi mara lafiya kuwa, kada ku ce, "An koya miki goge baki?" Bakanuwa ba za ta kunyata likitan da ya gama yi mata aiki ba, e za ta ce. Ku ce, "Me aka ce ki yi in kin koma gida?" ku yi shiru. Ku miƙa mata buroshi ku ce ta nuna. Kuma kada ku yi mata wannan a gaban ma'aikatan wurin.

Akwai wani matashin likita a Dala, ɗaki ɗaya gare shi, kujerarsa sai an tokare ta da katako. A zagayen farko da na karanta masa tambayoyin, rabi a'a ya amsa. Na ce kana koya wa kowa goge baki? Ya ce, "Gaskiya ba kowa ba, Mama. In layi ya yi tsawo ina tsallakewa." Da na koma, na zauna kwana uku a wurinsa. Na ga ya hana wani ɗan kasuwa cire haƙorin turmi, suna ta jayayya. Na ga uwa ta kawo yaro ɗaya, ya sa ta buɗe bakin sauran biyun da ta zo da su, ya tambaye ta alawa nawa suke sha kafin makaranta. Na ga yana nuna wa wani dattijo yadda zai bi gindin haƙori da asuwaki, bai ce masa ya jefar ya sayi buroshi ba. A duk zagayena babu wanda ya kai shi yin rigakafi, kuma a takardar farko shi ne na ƙarshe. Da an bi aikina na gaggawa, da shi za a nuna a ce ga wanda ya gaza, mutumin bene kuma a ce a yi koyi da shi.

Dakta Halima ta gama rubutunta, ta karanta a wani taron likitoci, ba a ambaci sunan kowa ba, haka ƙa'ida take. Ina zaune a baya. Mutumin benen yana layi na biyu da babbar riga, da aka gama har da shi a tafi. Asibitinsa yana nan. An ce mini ya cire zanin daga kan injin, ban sani ba ko ya jona shi.

Malama Zulai kuwa, wajen likitan Dala na kai ta, ya ba ni aron kujerarsa. Zama shida muka yi ina kankarewa, ɓangare ɓangare, don dasashin ba zai ɗauki aiki a rana ɗaya ba. Muka tura ta wajen likitan suga aka daidaita mata magani. Jinin ya tsaya, kumburin ya sauka. Cikin huɗun da ke motsi, uku sun kama, ɗaya ya tafi. Aka yi mata haƙoran roba na sama. Ta yi wata biyu tana karatu ita kaɗai a ɗaki tana saba harshe da su, sannan ta je wajen tsohuwar malamarta, wadda ta ba ta karatu tun tana budurwa, ta ce a saurare ta tsakani da Allah.

Takardar ƙarshe da na cike a aikin nan tata ce. Na same ta a tsakar gida da hantsi tana tsince shinkafa. Muka bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, ta amsa. Da muka gama na ce, "Malama, me malamarki ta ce?"

Ta ce, "Ta ce sallata ta yi, babu laifi. Amma robar tana ɗan motsi in na matsa harshe, harafin yana fita wani lokaci, wani lokaci ba ya fita. Na tambaye ta, in 'yarki ce za ki kawo mini ita karatu? Ta yi shiru. To na gane. Na koma makaranta, ina ba da fiƙihu da hadisi. Ajin Alƙur'ani na miƙa wa wata ɗalibata." Ta kaɗe hannu ta nuna takardar. "Akwai inda za ki rubuta wannan?"

Na duba na ce, "Babu gurbinsa, Malama."

"To juya bayanta."

Na juya na rubuta. Ta ce in karanta mata. Na karanta: mara lafiyar ta bar koyar da karatun Alƙur'ani bayan shekara ashirin saboda rashin haƙoran gaba.

Ta ce, "Soke wannan. Ni ban bari ba. Rubuta raba ni aka yi da shi."

Na soke, na rubuta yadda ta faɗa.